Dabbar ta Wa Ce? Kwatanta Mafarautan Dandali na Tsohuwar Rum da Masu Hawan Ƙaho da Wasan Kura a Ƙasar Hausa

Tsakure

Takardar ta kwatanta mutanen da suka riƙa tunkarar namun daji a dandalin tsohuwar Rum da rukuni biyu na Hausawa masu tunkarar dabba a gaban jama'a, wato mahauta masu hawan ƙaho da gardawa masu wasa da kura. Ta nuna cewa abin da ya raba al'adun biyu shi ne mallakar dabba da mai biyan kuɗin wasa. A Rum mai mulki ke da dabba, kuma mutuwarta ce manufar wasan. A ƙasar Hausa dabba jarin mai sana'a ce. An gwada wannan hasashe da tarihin birnin Kaduna.

1.0 Gabatarwa

Ana cewa sunan Kaduna ya samo asali ne daga kadunan koginta. A shekara ta 58 kafin Miladiyya wani jami'in Rum mai suna Markus Iskawurus ya sa aka haƙa tafki na wucin gadi a birnin Rum, ya nuna wa jama'a kada biyar da dorina ɗaya, kuma wannan ne karon farko da mutanen birnin suka ga waɗannan dabbobi. A shekara ta 2 kafin Miladiyya sarki Agustus ya cika wani fili da ruwa, aka kashe kada 36 a ciki. Dabbar da ta ba garinmu suna ta yi tafiya daga kogin Nilu zuwa Turai domin a yi kallon mutuwarta.

Manufar wannan takarda ita ce gano abin da ya haɗa da abin da ya raba masu tunkarar irin waɗannan dabbobi a Rum da takwarorinsu na ƙasar Hausa. Idan aka ga hoton gardi riƙe da kura, sau da yawa akan yi saurin kamanta shi da mayaƙan dandalin Rum. Takardar na ganin wannan kamance ya tsaya ne ga abin da ido ke gani, bai shiga cikin tsarin da ya haifi kowane wasa ba.

2.0 Bitar Ra'ayoyin Magabata

Jennison (1937) da Toynbee (1973) sun tattara bayanan dabbobin da Rumawa suka nuna da wuraren da aka kamo su. Hopkins (1983) ya ɗauki dandali a matsayin fagen siyasa, inda sarki ke haɗuwa da talakawa ido da ido. Coleman (1990) ta yi nazarin yadda ake zartar da hukuncin kisa ta hanyar sa mai laifi ya kwaikwayi wani labari na gumakan Girka har dabba ta halaka shi. Wiedemann (1992) ya fassara kashe namun daji a dandali da nuna rinjayen birni a kan dawa. Kyle (1998) ya yi tambayar da waɗanda suka gabace shi ba su damu da ita ba sosai, wato ina ake kai gawarwaki da naman dabbobin bayan an watse.

A ɓangaren Hausa, Tremearne (1913) ya rubuta al'adu da camfe-camfe da idon jami'in mulkin mallaka. Smith (1959) ya bayyana tsarin daraja a tsakanin Hausawa, ya nuna cewa mahauta da makaɗa suna ƙasa a jerin sana'o'i. Powe (1994) ya yi rubutu a kan wasannin jarumta na Arewacin Nijeriya irin su dambe da kokawa. Mai ɗaukar hoto Pieter Hugo, ɗan Afirka ta Kudu, ya fitar da littafin hotunan gardawan Nijeriya a 2007, wanda ya kai su idon duniya.

Raunin da takardar ta lura da shi a nan shi ne, masu nazarin Rum sun fi tambayar me wasan ke nufi, masu nazarin Hausa kuma sun fi siffanta yadda ake yin sa. Tambayar Kyle, wadda ta shafi nama da kuɗi, ita ce ta fi dacewa da kwatance, kuma a kanta aka ɗora wannan nazari.

3.0 Hanyar Nazari da Ma'anar Kalmomi

An bi hanyar kwatancen tarihi. Bayanan Rum sun fito daga marubutan zamanin, irin su Libiyus da Sisaro da Filini Babba da Diyo Kasiyus, da kuma zanen daɓen tsakuwa da aka tono a Arewacin Afirka. Ya kamata a riƙa karanta alƙaluman waɗannan marubuta da taka-tsantsan, domin yawancinsu sun samo asali ne daga bakin masu shirya wasan, waɗanda ke son a yaba musu. Bayanan Hausa sun fito daga rubuce-rubucen da aka ambata, da karin magana, da abin da aka sani na sana'o'in fawa da gardanci.

Kalmar Latin benashiyo ma'anarta farauta, don haka an fassara ta da farautar dandali. Benato shi ne mafaraucin dandali, wanda aka horar, aka ba shi makami. Kalmar bestiyariyus tana da harshen damo, domin ana kiran mai faɗa da dabba da ita, ana kuma kiran mai kula da dabba da wanda aka yanke wa hukuncin kisa. Takardar ta ware wannan na ƙarshe da sunan hukuncin jefa wa dabba. Wanda aka ɗaure a jikin gungume aka sako masa damisa ba mai sana'a ba ne, saboda haka bai shiga kwatancen ba. Kalmar gardi ma tana da ma'ana biyu. A nan ana nufin mai wasa da kura ko maciji, ban da babban almajirin tsangaya.

4.0 Nazari

4.1 Farautar Dandali: Wasan Mai Mulki

Farautar dandali ta farko da aka rubuta a Rum ita ce ta shekara ta 186 kafin Miladiyya, wadda Fulbiyus Nobiliyo ya shirya da zakuna da damisoshi bayan ya dawo daga yaƙi. Daga nan sai ta zama gasa tsakanin 'yan siyasa. Sulla ya fito da zaki 100, sarki Bokus na Muritaniya ta dā ya aiko masa da masu jifa da mashi su kashe su. A shekara ta 55 kafin Miladiyya Fompi ya fito da zakuna 500 ko 600, gwargwadon ruwaya, da giwaye kimanin 20. Da giwayen suka ga babu mafita sai suka shiga kuka, jama'a suka tausaya musu, har suka tsine wa Fompi. Sisaro yana wurin, kuma ya ba da labarin a wata wasiƙa. Shi kansa Sisaro, da ya zama gwamna a Kilikiya, abokinsa Kayliyus ya yi ta damunsa da wasiƙu a kan ya aiko masa da damisoshi, saboda yana buƙatarsu domin wasan da muƙaminsa ya ɗora masa.

Da sarauta ta kafu sai adadi ya ƙaru. Agustus ya rubuta da kansa cewa ya shirya farautar dandali sau 26, an kashe dabbobi kusan 3,500. A bikin buɗe Kolosiyum, babban dandalin Rum, a shekara ta 80 Miladiyya, zamanin sarki Titus, an yi kwana 100 ana wasa, an kashe dabbobi 9,000. Sarki Tarajan ya yi kwana 123, aka kashe 11,000. Tsarin yini a fili yake: farauta da safe, hukuncin kisa da tsakar rana, faɗan mutum da mutum da yamma. Har makarantar horar da mafarauta aka gina kusa da Kolosiyum, ana kiranta makarantar safe. Dokar farashi ta sarki Diyokiletiyan ta shekara ta 301 ta sa wa zaki mai daraja ta ɗaya dinariyus 150,000 na kuɗin Rum.

Hujjar da ta fi kowace bayyana tsarin ita ce daɓen tsakuwa da aka samu a Simirat ta ƙasar Tunisiya, na ƙarni na 3, wanda ke gidan tarihi na Susa. An zana mafarauta huɗu na wata ƙungiya mai suna Telegeni suna sukar damisa huɗu. A tsakiya ga yaro riƙe da faranti ɗauke da jakunkuna huɗu na kuɗi. Rubutun ya nuna cewa sanƙira ya roƙi a biya dinariyus 500 a kan kowace damisa, sai wani attajiri mai suna Mageriyus ya ninka, ya biya 1,000 a kan kowace, jama'a suka yi ta yi masa kirari. Mageriyus ne ya sa aka yi zanen a gidansa. Mafarautan sun zuba rayukansu, amma abin da daɓen ke tunawa shi ne kyautar mai gida. Ko da yake ƙungiyar ce ta kawo damisoshin, kuɗin da aka biya na mutuwarsu ne, kuma da zarar an biya, yabon ya koma ga wanda ya biya.

4.2 Hawan Ƙaho

Hawan ƙaho wasan mahauta ne, an fi yin sa a jajibirin Sallah da lokacin bukukuwan da suka shafi Sarkin Fawa da jama'arsa. Akan zaɓi mafaɗacin sa, a ɗaura masa igiya gaba da baya, ƙarti su riƙe. Masu kalangu su saki taken mahauta. Saurayin da ya ji ya isa sai ya fito ya yi kirari, ya tsaya gaban san. Idan san ya sunkuyar da kai zai kai suka, sai ya faɗa tsakanin ƙahonin ya rungume wuya. San ya yi ta girgiza kai yana neman yar da shi, shi kuma ya maƙale har dabbar ta gaji. Kuskuren ɗan lokaci kaɗan yana iya sa ƙaho ya shiga ciki ko cinya.

Rum ta san wasa mai kama da wannan. Filini ya ce mutanen Tasaliya ta ƙasar Girka suna bin bijimi a kan doki, su kama ƙahonsa su murɗe wuyansa, kuma Yuliyus Kaisar ne ya fara nuna wannan a Rum. Sarki Kalaudiyus ma ya kawo su. A gida Tasaliya wasan makiyaya ne da mahaya. Da aka kai shi Rum sai ya zama abin da mai mulki ya sayo domin ya burge talakawansa.

Hawan ƙaho bai yi irin wannan ƙaura ba. Ana iya yin sa a ƙofar fada, sarki ya kalla, ya yi kyauta, amma san na mahauta ne, kiɗan nasu ne, mai hawan ɗansu ne. Wani zai iya cewa ai shi ma san ƙarshensa wuƙa ce, to me ya raba shi da zakin Kolosiyum? Amsar tana ga dalilin mutuwar. San da aka hau dama an sayo shi ne domin a yanka a sayar da namansa ranar Sallah. Ko an hau shi ko ba a hau ba, gobe yana kan teburin mahauci. Ba a yanka shi a tsakiyar wasa domin kallo, ana yanka shi ne daga baya, da sunan Allah, yana fuskantar alƙibla. Wasan ma yana yi wa naman talla, domin duk wanda ya ga ƙibar san da ƙarfinsa ya san teburin da zai nufa. A Rum ma nama bai tafi a banza ba. Tartuliyan, marubucin Kartaj, ya ambaci masu cin naman dabbobin dandali, Kyle kuma ya nuna yiwuwar rabon naman ga talakawa. Sai dai a can nama ragowar wasa ne, a nan kuwa wasan ne ya tsiro daga cinikin nama.

4.3 Wasan Kura

A wasan kura bambancin ya fi fitowa. Gardi yana kamo kura a dawa, ya sa mata takunkumi da sarƙa, ya yi ta yawo da ita gari-gari tare da makaɗa, wani lokaci da gwaggon biri da mesa. Yakan tsokane ta ta yi kansa, ya kauce ko ya danne ta, jama'a su yi ihu su watsa kuɗi. Wasu iyaye kan biya a ɗora yaro a bayanta bisa imanin cewa hakan na cire tsoro. Bayan wasa sai a baje magunguna da layu.

Kurar gardi ba ta mutuwa a fage. Mutuwarta karayar jari ce, domin sai an sake shiga daji, a sake horo. Dole ya ciyar da ita nama, ko ya samu ciniki ko bai samu ba. Hausawa sun daɗe da fahimtar wannan dangantaka, shi ya sa suke cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Karin maganar ta ambaci mai wahala da mai riba, kuma babu wani na uku a cikinta. Da za a yi wa Rum irinta, sai an ƙara mai mulki, domin damisa ce ke mutuwa, mafarauci ke shan rauni, Mageriyus ke karɓar kirari.

Wannan ba ya wanke gardanci daga zargin cutar da dabba. Karin maganar kanta shaida ce cewa ana bugun kura. Malamai suna da hujja a hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito na hana haɗa dabbobi faɗa, da wanda Muslim ya ruwaito na umarni da kyautatawa ko a wajen yanka. Abin da takardar ke cewa shi ne, wahalar da kura ke sha tana da iyaka, kuma aljihun gardi ne ya gindaya iyakar.

Mafi kusa da gardawa a tarihin Rum su ne mutanen Dandara ta Masar, waɗanda marubuci Istarabo ya ce sun raka kaduna zuwa Rum, suna shiga ruwa su jawo su da raga a gani, sannan su mayar da su. Haka kuma da dabbobi suka yi tsada a ƙarshen daular, wasan ya karkata zuwa kauce wa dabba maimakon kashe ta. Wasiƙar da Kasiyodorus ya rubuta da sunan sarki Tiyodorik game da wasan shekara ta 523, wanda shi ne na ƙarshe da aka sani a Kolosiyum, ta siffanta masu tsallake dabba da doguwar sanda da masu shiga wani kwando mai kama da bushiya. Da taskar masu mulki ta yi rauni, mafaraucin dandali ya koma kusa da gardi.

4.4 Suna, Daraja da Asiri

Akwai wurare biyu da al'adun suka yi kama ƙwarai. Na farko shi ne samun suna ba tare da daraja ba. Mawaƙin Rum Marshiyal ya wasa wani mafarauci mai suna Karfoforus, amma dokar Rum ta hana wanda ya yi ƙwadagon faɗa da dabba tsayawa a kotu a madadin wani. Dokar ta keɓe wanda ya yi don nuna jarumta ba tare da lada ba, wanda ke nuna cewa karɓar kuɗin ne abin ƙi. Mai hawan ƙaho ma gwarzo ne ranar wasa, amma washegari yana nan a matsayin da Smith ya bayyana. Sai dai ƙasƙancin Rum na doka ne, kuma da yawa daga cikin mafarautan bayi ne ko fursunoni. Na Hausa na al'ada ne, yana tafiya da gado, mahauci kuma ɗa ne mai sarautarsa da dukiyarsa.

Na biyu shi ne asiri. Mai hawan ƙaho da gardi ba sa shiga fage sai da guru da kambu da laya, da magunguna irin su sagau da kau-da-bara. A dandalin Kartaj an tono allunan dalma da aka rubuta sammu a kansu, ana neman a ɗaure hannun wani mafarauci har dabba ta ji masa. Amma a gardanci asirin haja ne. Kura a hannu ita ce shaidar cewa maganin yana ci, don haka wasan tallan magani ne.

4.5 Gwaji da Birnin Kaduna

Idan hasashen takardar daidai ne, ya kamata a ga cewa ko a inda hukuma ta yi ƙarfi a Arewa, ba ta karɓe tunkarar dabba ta mayar da ita wasanta ba. Kaduna ta dace da wannan gwaji, domin gari ne da hukuma ta gina. Gwamna Lugga ya zaɓe ta, aka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917. Tana da babban fili na hukuma a arewacin kogi, tsohon filin sukuwa da ake kira Dandalin Murtala a yau. A nan aka yi wa Sarauniyar Ingila hawan daba a 1956, aka kuma yi babban hawan bikin FESTAC a 1977. A waɗannan taruka hukuma ta nuna ƙarfinta da dawaki da 'yan lifidi da jahi. Dabbar da mulkin Arewa ke alfahari da ita ita ce wadda ake hawa a yi mata ado, kuma darajar basarake na ƙaruwa da yawan dawakin da ya fito da su ya koma da su lafiya.

Game da namun daji kuwa, abin da ya fito daga Kaduna doka ce. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi Dokar Namun Daji a 1963, wadda ta tsara farauta da mallakar dabbobin dawa. Gwamnatin tarayya ta biyo da doka mai lamba 11 ta 1985 a kan dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Kadunan da mutanen gari suka riƙa zuwa gani a lambun Gamji, a bakin kogi, a killace aka riƙa kallonsu. Tunkarar dabba ta zauna inda take tun asali, wato a zangon shanu da mayanka irin na Tudun Wada, da bakin kasuwanni inda gardawa kan yada zango in sun ratso.

Wannan matsayi na gefe yana da illa ga mai nazari. Farautar dandali ta bar gine-gine da rubutu da zane saboda masu kuɗi ne suka so a tuna da su. Hawan ƙaho da gardanci suna cikin ƙwaƙwalwar masu yi ne kawai: taken kalangu, kirarin kowane gida, sunayen igiyoyi da dabarun riƙo, da hanyar kama kura. Dajin da ake kamo kurar yana ja da baya, zaki ma a Nijeriya sai a Yankari da yankin Kainji. Gidan Arewa da ke kan titin Rabah da sassan nazarin Hausa na jami'o'in Kaduna da Zariya suna da wurin ajiya da ma'aikatan da za su naɗi bayanan dattawan mahauta na zangon Tudun Wada da Kawo, kuma ya dace a fara da taken kalangu da kirari, tunda su ne ke fara ɓacewa idan makaɗi ya rasu bai bar magaji ba.